Hayaƙin Leda da Nonon Uwa: Gyaran Yana Bakin Murhu

A Unguwar Lalle, kamar sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, idan damina ta jiƙa itace, mace kan yago leda ta kunna don wuta ta kama da wuri. A bayan gari ana cinna wa juji wuta, wasu mahauta kuma da tsohuwar taya suke babbake kai da ƙafa. Duk inda roba, shara ko wayoyin lantarki suka ci wuta a fili, ana iya samun wata guba da masana ke kira dayoksin.

Wannan guba kitse take bi, ruwa ba ya wanke ta. Takan sauka da toka a ƙasa da ciyawa, kaza ta tsattsaga, akuya ta yi kiwo, sai ta taru a ƙwai, nama, man shanu da kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci take shiga, kuma sai ta yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinta ya fita. Ke nan abin da yarinya ta ci tun tana talla yana iya zama a jikinta har ta haihu, ya bi maiƙon nono zuwa cikin jariri. Idan ta yi yawa tana iya raunana garkuwar jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro da lafiyar haihuwa. Tun 1997 aka sa nau'inta mafi muni cikin masu jawo ciwon daji.

An ga zahiri a Agbogbloshie da ke Akara ta Gana, inda matasa suka riƙa ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe. Binciken da aka fitar a 2019 ya nuna dayoksin da ke cikin ƙwai ɗaya na kajin wurin ta ninka sau 220 abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda ya shiga cikin mutum a yini.

To, mai jego ta daina shayarwa? Ko kusa. Amfanin nonon uwa ya rinjayi wannan haɗari nesa ba kusa ba, balle a yankin da tamowa da gudawa ke ɗauke yara. A ba jariri dakashi da zarar an haife shi, a shayar da shi nono zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2. Gwajin nonon iyaye da ake yi a ƙasashe da dama tun 1987 ya nuna gubar ta ragu sosai inda aka shawo kan ƙone-ƙone. Abin da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ke nema ke nan, kuma Najeriya na cikinta.

Saboda haka maigida ya tanadi kara da ƙirare a inda ruwa ba ya taɓawa, don uwargida ta rabu da leda wajen hura wuta. A ware roba daga shara, a ba 'yan gwangwan abin da suke saye, a binne sauran nesa da rijiya. Kada a kai tokar juji gona a matsayin taki, kada a bar kaji su yi tono a cikinta. Mai ciki da 'yan mata su guji naman da aka babbake da taya.

Sauran aikin na shugabanni ne. Sarkin fawa ya hana taya a mahauta, mai unguwa ya fitar da juji daga tsakiyar gidaje, ungozoma da ma'aikatan asibiti kuma su riƙa yi wa mata wannan bayani ranar awo.