Injin ban ruwa: yau ya tashi, gobe ya ƙi

Ƴan uwa manoma, damana ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokacin garka ne. Daga Tibiri zuwa Gidan Rumji, ko'ina cikin fadamar Gulbin Maradi ƙarar injin ban ruwa kake ji. Masu karatu na Sae Sabuwa da kewaye, wannan darasi naku ne, ko kuna da inji, ko kuna shirin haɗa kuɗi ku saya.

Injin da ya mutu ɗungum, an san wurin makanike za a kai shi. Mai wahalarwa shi ne wanda yau ja ɗaya ya tashi, gobe ka ja igiya har kafaɗa ta yi ciwo. Ka ɗora shi bisa amalanke ka kai gari, gaban makanike sai ya tashi lafiya lau. Kafin ka komo, tumatir da salati sun kwana biyu ba ruwa.

Ku sani, inji ba ya ƙin tashi don ganin dama. Abu uku yake bukata: mai, iska da wuta. In ɗaya ya yanke, sai ya tsaya. Kada ka yi gaggawar kwance shi. Bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

1. Duba mazauninsa da baƙin mai

Injuna da yawa suna da wata ƴar na'ura mai kashe wuta in baƙin mai ya yi ƙasa. Idan man ya ragu, kuma ka aje inji a karkace bakin rijiya, ba zai tashi ba. Gobe ka aje shi wuri mai daidai, sai ya tashi. Saboda haka daidaita ƙasa tukuna, ka buɗe murfin baƙin mai ka cika shi zuwa alama. Sabon inji ana canza masa baƙin mai bayan aikin awa 20, daga nan duk awa 100.

2. Duba esansi

Esansi, wato fetur, yakan zo da ruwa ko rairayi, balle in ya daɗe cikin kwalba ko jarka. Ruwa ya fi shi nauyi, shi ya sa yake kwantawa ƙasa. Ƙarƙashin kafireta akwai ɗan ƙusa. Sassauta shi, ka tari man cikin kwalba mai haske. In da ruwa, za ka gan shi kwance a gindi. Kullum tace mai da tsumma mai tsabta kafin ka zuba.

Murfin tanki yana da ƴar kafar shan iska. In ƙura ta toshe ta, inji zai yi aiki kaɗan ya mutu. Idan ka buɗe murfin ya tashi, to, kafar ce. Wanke ta.

3. Duba iska

Lokacin hunturu ƙura takan cika soson da ke tace iska. Cire shi, wanke da ruwa da sabulu, bar shi ya bushe sarai. Ɗiga masa baƙin mai kaɗan, ka matse, ka mayar. Akwai kuma ɗan hannun da ke rage iska, ana ce masa cok. Da sanyin safiya a rufe shi kafin a ja igiya, in inji ya tashi a buɗe. In inji na da zafi, kada a rufe, sai mai ya shaƙe shi.

4. Duba wuta

Taɓa hular buji da wayar makunni. Girgizar inji takan sassauta su, yau su haɗu, gobe su rabu. Sannan kwance buji. In ya yi baƙi ko ya jiƙe, goge shi ya bushe. Tazarar bakinsa milimeta 0,7 zuwa 0,8 ce. Mayar da shi cikin hularsa, jingina ƙarfensa ga jikin inji nesa da ramin, ka ja igiya. Wuta shuɗiya ita ce mai kyau. Rufe famfon mai tukuna, ka goge wanda ya zube, kuma kada mai shan taba ya matso. Aje buji sabo guda cikin aljihu.

Masu jirgin ruwa na Gaya, bisa kogin Isa, haka su ma suke bin injinsu: mai, iska, wuta.

Gargaɗi: kada a tada inji cikin rijiya ko cikin ɗaki. Hayaƙinsa yana kashe mutum.

In duk ka bi waɗannan bai daina ba, ga amfanin karatunka. Samu ɗan littafi. Duk ranar da ya ƙi, rubuta: da safe ne ko da rana? Yana da sanyi ko da zafi? Ina ka sayi man? Injin da ke ƙin tashi in ya yi zafi, sau da yawa abin ba da wuta ne ya gaji, wannan aikin makanike ne. Ka kai masa littafin, zai gane ciwon da wuri, kuɗinka su huta.

Tambayoyi don tattaunawa a aji:

1. Waɗanne abubuwa uku inji ke bukata?
2. Don me ba a aje inji a karkace?
3. Yaya ake gane ruwa cikin esansi?