Darasi: Andrew Mynarski da Abokinsa

A cikin Yaƙin Duniya na Biyu mutum 55,573 suka mutu daga rundunar Ingila ta jirage masu jefa bom. Lissafi irin wannan ya fi ƙarfin zuciya. Domin haka bari mu ɗauki mutum ɗaya daga cikinsu, mu duba labarinsa.

1. Ko wane ne shi

An haifi Andrew Mynarski a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada a 1916. Iyayensa daga ƙasar Folan suka yi ƙaura. Ya shiga sojan sama na Kanada, aka kai shi Ingila, ya zama maharbi a cikin jirgin da a ke kira Lancaster. Mutum 7 ke aikin jirgin. Ɗayansu, Pat Brophy, abokinsa ne. Mazauninsa kuwa wani ɗan akurki ne a can wutsiyar jirgi.

2. Abin da ya faru

Daren 12 ga Yuni 1944 aka aike su su rushe tashar jirgin ƙasa ta Cambrai a Faransa. Wani jirgin Jamus ya harbe su, wuta ta kama. Matuƙi ya ce kowa ya ɗauki laimarsa ya dira. Mynarski ya kai bakin ƙofa ke nan, sai ya hangi Brophy, akurkinsa ya cije, ba hanyar fita. Ya juya, ya rarrafa ta cikin mai da ke cin wuta. Ya sari ƙarfen da gatari, ya ja da hannuwansa, amma a banza. Tufafinsa da laimarsa suka kama wuta. Brophy ya yi masa alama ya tafi. Mynarski ya koma bakin ƙofa, ya sara wa abokinsa irin ta soja, sa'an nan ya dira. Mutanen ƙauye suka tsince shi, amma ƙunar ta yi yawa, ya mutu yana da shekara 27.

Jirgin ya fāɗi, ya farfashe, ya wurgo Brophy waje da ransa. Shi ne ya ba da labari. A 1946 aka ba Mynarski lambar Victoria Cross, wadda ta fi kowace lambar jaruntaka girma a wurinsu. Kabarinsa yana Méharicourt a Faransa.

3. Abin da mu ke koyo

Mu lura, Mynarski bai iya fid da abokinsa ba. Duk da haka ba wanda ya ce ya yi aikin banza, gama ba a auna aminci da nasara. Mu kan ce, da na san zai yiwu, da na taimaka. Shi bai sani ba, ya koma.

Mu lura kuma, ido ɗaya ne kaɗai ya ga abin. Da Brophy ya yi shiru, da alherin nan ya ƙone tare da jirgi. Wanda aka yi wa alheri, bashin faɗa yana wuyansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Mynarski ya koma, ga shi ya riga ya kai ƙofa?
2. Wane ne ya taɓa shan wahala dominmu, ba mu kuwa gaya wa 'ya'yanmu ba tukuna?