Amsoshin Tambayoyinku: Makomar Jos da Sauyin Yanayi

Mai sauraronmu daga Bukur, ka tambayi makomar Jos idan sauyin yanayi ya tsananta. To malam, makomar ta rataya ne kan yadda za a bi da ruwa. A Yulin 2012 mamakon ruwan sama ya tumbatsa madatsar Lamingo, ambaliya ta ci rayuka da gidaje a unguwar Rikkos. Wani zai ce ruwa ikon Allah ne. Haka ne, amma gini kan hanyar ruwa aikin mutum ne. Ga kuma tafkunan da haƙar kuza ta bari, waɗanda manoma ke noman rani da su. Idan damina ta riƙa yin gardama, su ne madogarar masu dankalin Turawa. Ya kamata Gwamnatin Filato ta kare tafkunan nan, ta kuma hana gini a magudanun ruwa.