An ce mini lafiya lau, yau kuma ana maganar sankara

Shekara biyu da suka wuce na je asibiti aka duba mini bakin mahaifa. Ma'aikaciyar ta shafa ruwan khal, ta leƙa, ta ce, "Hajiya, lafiya lau." Har yanzu katin yana ƙasan akwatina. Ga shi yanzu likita ya ce yana zargin sankara ce daga can ciki, wai sai an gutsuro nama an kai ɗakin gwaji. Anti, in lafiya lau nake a lokacin, daga ina ta fito? In kuwa ba lafiya ba, me ya sa suka ce lafiya? Na biya kuɗin mota, na bi layi tun sassafe, na cire kunya na kwanta, ashe don a yi mini ƙarya. Yau sati uku ban koma ba. Mutanen da suka ce mini lafiya lau jiya, yaya zan miƙa musu wuƙa yau?

'Yarki, daga Funtuwa

'Yata, Allah ya ba ki lafiya. Ba ki gaya mini shekarunki ba, ba ki kuma faɗi abin da ya mayar da ke asibiti ba, jini ne bayan saduwa ko farin ruwa, da watannin da kika yi kina shan maganin sanyi daga kemis. Ina zargin an daɗe, don katin nan kin mayar da shi laya.

Ban ga alamar an yi miki ƙarya ba. Fatar bakin mahaifa iri biyu ce. Ta waje shimfiɗaɗɗiya ce, ido yana kai mata, kuma a nan mafi yawan sankarar ke tsirowa. Ta ciki tana lulluɓe da siririyar hanyar da ta shige mahaifa, ita ce ke fitar da yauƙi. Sankarar da ke tasowa daga wannan ita likitoci ke kira adenokasinoma, kuma takan yi girma ta ciki har bakin mahaifar ya kumbura kamar ganga alhali fuskarsa sumul. Ruwan khal yana mayar da wurin da ya fara lalacewa fari, amma sai inda ya taɓa. Ma'aikaciyar a zaure ta tsaya, ciwon kuwa yana ƙuryar ɗaki. Ko gwajin Pap, wani gwajin bakin mahaifa, yakan kuskure wannan nau'in fiye da na waje. Laifin da zan ɗora mata na baki ne: da ta ce "ban ga komai ba, in kin ga jini ki dawo," da ta fi gaskiya.

Za ki ce to mene ne amfanin gwajin khal ɗin? Yana kama nau'in da ya fi yawa tun bai zama sankara ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma saboda giɓinsa ne a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita gwajin ƙwayar cutar HPV ga mata daga shekara 30, domin HPV mai lamba 16 da 18 ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Duk da haka akwai wani irin adenokasinoma da ba ruwansa da HPV, wanda yakan zo da ruwa tsararo mai yawa. Shi ya sa nake ta nanatawa a filin nan cewa babu katin da ya fi jinin da mace ta gani da idonta.

Sati ukun nan su suka fi tsaya mini a rai, kuma na san ba fushi ne kaɗai ya zaunar da ke ba. Akwai masu raɗa miki cewa daji ba ya son ƙarfe. Gutsuro nama ba ya watsa sankara, zaman jira ne ke ba ta fili. A ɗakin gwaji za a yanka naman siriri, a rina shi, a sa a madubin likita, a ga ko ciwon yana kwance a saman fata ne ko ya riga ya nutsa. Idan bai nutsa ba, sau da yawa yanke ɗan yanki mai siffar mazurari yakan wadatar, har mace ta ci gaba da haihuwa. A nan ne kuma ake bambance wadda ta taso daga bakin mahaifa da wadda ta gangaro daga cikin mahaifar, don aikinsu ba ɗaya ba ne. In ba ki yarda da asibitin farko ba, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, Zariya ba nisa da ke. Ki tafi a satin nan, ki riƙe tsohon katin, kuma ki karɓi kwafin sakamakon a hannunki.