Darasi: Hakkin Uwar da Aka Raba da Ɗanta

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani zalunci da ya auku a ƙasar Ostareliya, da yadda hukuma ta tashi mayar da hakki bayan shekaru masu yawa, da abin da shari'a ta ce game da shi.

Na ɗaya: Abin da ya auku

Tun daga wajen 1950 har zuwa tsakiyar shekarun 1970, idan yarinya ta yi ciki ba aure a wannan ƙasa, sau da yawa akan kai ta wasu gidaje na coci-coci da ƙungiyoyin agaji, a ɓoye ta har ta haihu. Ranar haihuwa sai a kare ta da zane ko matashin kai don kada ta ga fuskar jaririn. A ba ta maganin barci da na ƙafar da nono, a kawo takarda ta sa hannu tun hankalinta bai komo ba. Wasu an ce musu ɗan ya rasu, alhali yana raye. Daga nan a miƙa shi ga wasu ma'aurata, a rubuta sabuwar takardar haihuwa da sunansu, a kulle ta asali. A shekarar lissafi ta 1971 zuwa 1972 kaɗai, yaran da aka bayar ta hanyar tabanni, wato mayar da ɗan wani naka, sun kusa 10,000.

Abu biyu suka ɗaure wa wannan aiki gindi: gudun abin kunya, da talauci. Da gwamnati ta fara ba uwa maras miji kuɗin tallafi a 1973, mata da yawa sun sami ikon riƙe ƴaƴansu, adadin kuwa ya yi ta raguwa.

Na biyu: Matakan mayar da hakki

Matan nan sun shekara da shekaru suna kuka kafin a saurare su. A 1984 jihar Biktoriya ta yi dokar da ta buɗe takardun asali ga waɗanda aka raba. A 2010 majalisar jihar Ostareliya ta Yamma ta roƙi gafara. A Fabrairu 2012 kwamitin majalisar dattawa ya fitar da rahoto bayan ya karɓi shaidar ɗaruruwan mutane. Ran 21 ga Maris 2013 Firaminista Julia Gillard ta tsaya a Kanbera ta roƙi gafara da sunan ƙasa baki ɗaya, aka kuma ware dala miliyan 11 da rabi don neman dangi, kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da adana tarihin abin. Sai a Fabrairu 2024 jihar Biktoriya ta zama ta farko da ta buɗe tsarin biyan diyya: dalar Ostareliya 30,000 ga kowace uwa, kimanin sefa miliyan 12, tare da masu ba da shawara da kuma neman afuwa.

Irin wannan ya faru a Ayilan, inda shugaban gwamnati Micheál Martin ya nemi gafara a Janairu 2021, da Sikotilan, inda Nicola Sturgeon ta yi haka a Maris 2023.

Na uku: Ma'aunin shari'a

Ku sani, zina haramun ce, babu saɓani. Amma laifin uwa ba ya hawa kan jariri, kuma ba ya kayar da hakkinta na shayarwa da reno. Matar nan Bagamidiya da ta yi iƙirarin zina, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya jinkirta hukuncinta har ta haihu, har ta yaye, bai ƙwace ɗan daga ƙirjinta ba. Balle wadda aka yi wa fyaɗe ko aka yaudara, kuma akwai irinsu a cikin matan nan.

A mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ta fi kowa cancantar reno: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyuba gargaɗi mai tsanani ga wanda ya raba uwa da ɗanta, cewa za a raba shi da masoyansa ranar alƙiyama. Game da sauya suna kuwa, Suratul Ahzabi aya ta 4 da ta 5 ta soke tabanni, shi ya sa Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana jingina shi ga Annabi. Abin da addini ya kwaɗaitar shi ne kafala, mai kama da riƙo da muka sani a gidajenmu: ka ciyar da yaro, ka tufatar, ka ilmantar, yana sane da wadda ta haife shi. Ɓoye asali yana ɓata gado, yana yanke zumunci, yana iya kai mutum ga auren muharramarsa bai sani ba.

Na huɗu: Abin lura

Malamai sun ce sharuɗɗan tuba su ne barin laifi, nadama, da ƙudurin rashin komawa. Idan akwai hakkin ɗan Adam sai a ƙara mayar da shi ga mai shi. Da wannan ma'auni, buɗe takardu ya fi kusa da mayar da hakki, domin shi ke maido wa ɗa sunan uwarsa. Kuɗi shaida ce cewa hukuma ta amsa laifinta, amma ba su maido yayen da uwa ba ta yi ba, ko tatatar da ba ta gani ba. Sannan daga neman gafarar 2013 zuwa diyyar 2024 shekara 11 ce, matan sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, hukuma kuwa mawadaciya ce.

Saboda haka, ya ku iyaye, idan irin wannan jarrabawa ta faɗa gidan ɗayanmu, kada tsoron bakin mutane ya sa mu rufe kunya da zalunci. A suturta yarinya, a kira ta zuwa tuba, a bar mata ɗanta, dangi su taimaka da abinci da sutura. Wanda kuma ke riƙon ɗan wani, ya gaya masa asalinsa tun da sauran numfashi.

Allah Ya tsare zuriyarmu, Ya ba mu ikon sauke hakkoki tun muna duniya. Allah ne Mafi sani.