Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Yadda Sana'a Za Ta Rayu Bayan Mai Ita

Da wuya a sami gari a ƙasar nan wanda ba a san labarin wani attajiri ba da ya yi tashe a zamaninsa, motocinsa suna kai da kawowa, yaransa sun cika kasuwa, amma da ya rasu ba a shekara biyar ba sai da aka rufe kantin, aka sayar da motocin, yaran suka watse. Hasarar ba ta magada kaɗai ba ce. Ma'aikata sun rasa abin yi, masu bin bashi sun shiga shari'a, gwamnati ta rasa haraji, garin kuma ya rasa wani ginshiƙi. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana abubuwa huɗu waɗanda shugaban kowace sana'a, babba ko ƙarama, ya wajaba ya tsare tun yana da ƙarfinsa, domin abin da ya gina ya tsaya bayansa.

Misali daga tarihinmu

An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji cikin 1877, a zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Ya tashi cikin fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, daga baya ya shiga cikin na farkon da suka riƙa ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar da yanzu ake kira Gana zuwa Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya juya akalarsa can, ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa gyaɗa. Watau bai liƙe wa hajar da ya gada ba sa'ad da ya ga zamani ya sauya. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe banki a Kano cikin 1929, raƙuma 20 ne suka ɗauki kuɗinsa na azurfa zuwa ajiya.

Abin lura a nan ba yawan dukiyar ba ne. Ɗantata ya rasu cikin 1955, amma sana'ar ba ta bi shi kabari ba, domin ya riga ya sa 'ya'yansa cikin aiki, ya kuma tattara harkokinsa ƙarƙashin kamfani. Ɗansa Ahmadu ya riƙe ragama, da ya rasu cikin 1960 Alhaji Aminu Ɗantata ya karɓa, shi kuwa ya rayu har 2025. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya fara kasuwanci cikin 1977, aka kuma ƙaddamar da matatar mansa a Lekki cikin 2023, tattaɓa-kunnen Alhassan ne ta wajen uwa. To, mene ne ke sa wani gida ya ɗore haka, wani kuwa ya rushe?

Na farko: raba aljihu da jari

Cutar da ta fi kashe ƙananan sana'o'i ita ce ɗaukar kuɗin ciniki a matsayin riba. Bari mu buga misali. A ce wani mai kanti yana da jarin naira 500,000. A wata guda ya yi cinikin naira 300,000, alhali kayan da ya sayar ɗin ya saro su a kan naira 250,000. Ribarsa ke nan naira 50,000. Daga ciki ya biya haya da dako da ladan yaro, naira 20,000. Abin da ya zama nasa na haƙiƙa naira 30,000 ne kawai. Idan kuwa yana zura hannu cikin akwatin kanti don cefane da biki da gudummawa har naira 45,000 a wata, to, kowane wata yana cin naira 15,000 daga uwar kuɗi. A shekara guda naira 180,000 ke nan, fiye da sulusin jarinsa, kuma ba zai farga ba sai ya ga kantoci sun fara zama fayau.

Maganin wannan shi ne mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, kamar yadda ya yanka wa yaronsa, kada ya wuce shi. Ya buɗe wa sana'ar asusu nata daban a banki. Wanda yake ƙyamar kuɗin ruwa ba shi da hanzari yanzu, gama tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki bisa tsarin da babu ruwa a cikinsa, wasu kuma sun biyo baya.

Na biyu: rubutu

Yawancin 'yan kasuwarmu a ka suke riƙe lissafi, suna alfahari da haka. Amma kai ba ya barin wasiyya. Ranar da mai shi ya kwanta, waɗanda yake binsu bashi sukan yi shiru, waɗanda suke binsa kuwa su zo da sassafe. Musulmi sun san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka rubutu ba baƙon abu ba ne, ba kuma alamar rashin yarda ba ne.

Littattafai uku sun isa mafari: littafin shiga da fitar kuɗi na kullum, littafin kaya mai nuna abin da aka saro da abin da ya rage, da littafin bashi mai sunan kowa da ranar biya. A rubuta da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin wani zai iya karantawa. A adana rasit. A ƙidaya kaya a ƙarshen kowane wata, a gwada da abin da littafi ya ce. Bugu da ƙari, duk bankin da mutum zai nemi rance a wurinsa, har da Bankin Masana'antu wanda gwamnati ta kafa cikin 2001, abin da zai fara tambaya shi ne lissafin sana'ar a rubuce.

Na uku: raba aiki da horar da na ƙasa

Ayarin fatake na dā bai dogara ga mutum ɗaya ba. Akwai madugu mai shugabanci da sasantawa da sarakunan hanya, akwai jagaba mai sanin hanya da zango, akwai uban dawaki, akwai malami mai rubutu. Kowa ya san aikinsa, shi ya sa ayari ke yin watanni a hanya ya komo lafiya. Maigidan da shi ne mai saro kaya, shi ne ma'aji, shi ne akawu, makulli kuma yana aljihunsa, ya sani ranar da zazzaɓi ya kama shi kasuwarsa ma ta kwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai ba da amana yana tafiya da bincike. Kada mai karɓar kuɗi ya zama shi ne mai rubuta su, kada mai tsaron sito ya zama shi ne mai ƙidayarsa. Wannan tsari yana kare dukiya, yana kuma kare yaron kirki daga zargi.

A nan akwai abin koyi wajen 'yan'uwanmu Ibo na kasuwannin Anaca da Nnewi da Aba. Yaro yakan zauna da ubangidansa shekarun da aka yi yarjejeniya a kansu, yana koyon sari da sayarwa, in wa'adi ya cika a sallame shi da jari ya kafa nasa. Hausawa ma suna da irin wannan al'ada, amma sau da yawa ba a yanka wa'adi, sai yaro ya yi furfura a bakin kanti ba shi da tabbas. Yaron da ya san ranar sallamarsa ya fi riƙon amana, in ya kafu kuma ya zama abokin ciniki, ba abokin gaba ba.

Na huɗu: rajista da shirya magaji

Dokar kamfanoni ta 1990 ce ta kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wadda aka fi sani da CAC. Rajista iri biyu ce ta fi shafar ɗan kasuwa. Akwai rajistar sunan sana'a, wadda ke tsare wa mutum sunan, amma a idon doka shi da sana'ar abu guda ne, bashinta bashinsa ne. Akwai kuma rajistar kamfani, inda kamfanin ke zama kamar mutum mai zaman kansa: yana mallakar dukiya da sunansa, ba ya kuma mutuwa don mai shi ya mutu. Dā sai mutum biyu ko fiye suke kafa kamfani, amma sabuwar dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa nasa.

Amfanin wannan yana fitowa ranar rabon gado. Idan mutum ya bar mota 5 da magada 12, ba yadda za a yi sai a sayar a raba kuɗin, sana'a ta mutu. Idan kuwa motocin na kamfani ne, hannun jari za a raba, kowa ya sami rabonsa yadda shari'arsa ta tanada, mace da namiji, motoci kuma suna kan hanya suna aiki. Ba a tauye hakkin kowa ba, ba a kuma yanka kazar da ke yin ƙwai ba. Ya kamata a tuna cewa gādon dukiya daban, shugabancin aiki daban. Wanda ya fi cancanta shi za a ba ragama, ko shi ne ƙarami, ko ma ba ɗan gida ba ne, a biya shi albashi, ya riƙa ba masu dukiya bayani a ƙarshen shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a fara kai 'ya'ya wurin aiki lokacin hutun makaranta, su fara daga ƙasa.

Tambayoyi don auna kai

1. Nawa ne ainihin ribarka ta watan jiya, bayan an fitar da haya da dako da lada?
2. In ka yi jinyar wata uku, wa zai buɗe kanti, wa zai sa hannu a banki?
3. Iyalinka sun san wanda kake bi da wanda yake binka?
4. Yaronka ya san ranar sallamarsa?

Wanda ya kasa amsa biyu daga cikin waɗannan, to, ya sayi littafi yau ya fara rubutu. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ofishin CAC na jiharsa, ko na Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, watau SMEDAN, wadda aka kafa cikin 2003 domin taimaka wa masu irin waɗannan sana'o'i.