Darasi daga shekarar korona: kwana nawa kaya ke iya jira?

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar, kuma a daidai lokacin aka rufe iyakokin ƙasa da filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram. Dokar ba ta hana motocin kaya wucewa ba. Wanda ya karanta ta a takarda zai ce fatauci ya tsira, amma duk wanda ya yi aiki da makiyaya a bazarar wannan shekara ya san ba haka aka yi ba. Wannan darasi na ma'aikatan kiwo ne da wakilan ƙungiyoyin makiyaya, waɗanda wata rana za a aika su binciko ɓarnar da annoba ta yi wa hanyar kaya, tun daga mai samarwa har zuwa mai saye.

Mun saba fara tambaya da "an rufe hanya ko ba a rufe ba?" Wannan ba ta isa ba. Ku fara da cewa: kwana nawa kayan nan ke iya jira, kuma aljihun wa ke biyan jiran?

Ƙarfen gini da ya makale wata guda a tashar jiragen ruwa ta Kwatano zai ci kuɗin ajiya, amma zai iso Maraɗi yana nan a ƙarfensa. Albasar Galmi, wadda girbinta ya faɗo daidai lokacin rufewar, ƴan kwanaki cikin mota a rana sun isa ta fara ruɓewa kafin ta ga Akara ko Abijan. Nono kuwa yini ɗaya ne. Shi bijimi ba ya ruɓewa, shi ya sa masu bincike ke yawan mantawa da shi. Amma kullum sai ya ci, sai ya sha, kuma daga Maris zuwa Yuni babu ciyawa a daji. Ko dai mai shi ya sayi dusa da angurya da harawa da tsada, ko ya zuba ido naman da zai sayar yana zubewa. Ko ta ina, makiyayi ne ke biya.

Sannan dabba ba ta ƙetare iyaka ita kaɗai. Akwai mai kora, akwai dillali, akwai falken da ke tasowa daga Najeriya ya duba da idonsa, ya taya, wani lokaci ya ɗauka bashi saboda sanayya ta shekaru. In an ce kaya su wuce mutane su tsaya, to an tsayar da cinikin dabbobi ke nan ko da ba a ambaci sunansa ba. Don haka ku rubuta sunan kowace sana'a da kayan ke bi ta hannunta, ku ga wacce dokar ta zaunar a gida.

A nan sai an yi hattara, domin kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora wa korona kowane laifi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Agusta 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020, lokacin da aka buɗe Illela da Maigatari tare da wasu iyakoki biyu. Binin ma a Disamba 2019 ta hana garkunan ƙasashen waje shiga cin rani, watanni kafin cutar ta iso. Korona ta tarar da hanya a cushe ne ta ƙara mata nauyi. Mai bincike da bai tambayi yadda kasuwa take a Janairu 2020 ba, rahotonsa zai nuna ɓarna, amma ba zai nuna mai yin ta ba, kuma maganin da za a tsara a kansa zai tafi wani wuri daban.

Wani lokaci ma hanyar lafiya lau take, mai saye ne ya ɓace. An kulle Legas daga 30 ga Maris 2020, gidajen abinci suka rufe, aka daina taron biki. Farashin man fetur ya faɗi, darajar naira ta bi shi, sai saniyar da ake sayarwa da sefa ta yi wa ɗan Najeriya tsada. Fatar jar akuyar Maraɗi kuwa Kano take zuwa a jeme ta, daga can kuma mai yawa ta nufi Italiya, ƙasar da ta kulle tun farkon Maris. Mahaucin da ya ga fata ta taru masa ba lalle ya san dalilin yana can bayan teku ba.

Duk wannan kayan da ke fita ne. Waɗanda ke shigowa sun fi shafar lafiyar garke. Yawancin sinadaran da ake haɗa magunguna da su daga Sin da Indiya suke fitowa, kuma dukansu biyu sun kulle a farkon shekarar. Ko allurar rigakafin da LABOCEL ke yi a Yamai tana buƙatar kayan aiki daga waje, sannan tana buƙatar sanyi na digiri 2 zuwa 8, da mota, da mai, da ma'aikacin da aka bari ya fita. In maganin ƙwarai ya yi wuya, na jabu ne ke cika tebur a kasuwar ƙauye. A lokaci guda garkunan da aka hana wucewa kudu suna taruwa a kan rijiya ɗaya, inda ciwon huhu na shanu da annobar awaki da tumaki suka fi samun hanya. Irin wannan hasara ba ta bayyana a makon da aka rufe iyaka. Ƴan awakin da ba a yi wa allura ba sai bayan watanni za su mutu, lokacin da mai bincike ya riga ya miƙa rahoto. Shi ya sa muke cewa a koma wuri ɗaya sau biyu ko uku, har bayan damina.

Ma'auni mafi sauƙi yana hannun makiyayi tun da: tiya nawa ta hatsi ɗan akuya ke saya? Kuɗin dabba kaɗai na iya ruɗin mutum, musamman gab da Layya, wadda a 2020 ta faɗo ranar 31 ga Yuli, lokacin da rago ke tashi ko ana annoba ko ba a yi. Amma in hatsin da akuya ke kawowa gida ya ragu da rabi, gida zai sayar da biyu a wurin ɗaya, in maza suka ƙare kuma a shiga sayar da mata masu haihuwa. A 2020 ƙungiyar Billital Maroobe ta sa wakilanta a yankunan kiwo suna aiko da labari ta wayar salula kan kasuwanni da mashaya da inda dabbobi suka taru. Ba a buƙatar kayan aiki da suka wuce haka. Ranar kasuwa ku tsaya a kara, ku tambayi farashin ɗan akuya da na tiyar hatsi da na buhun dusa, ku ƙirga mata nawa ne cikin dabbobin da aka kawo sayarwa, sannan ku tambayi dillalai baƙi nawa suka zo saye, daga ina kuma.